Yayata da 'Yar Gudun Ireland

A Furfuri aka haife mu, ni da yayata, kuma tun kafin in yi wayo mutanen unguwarmu sun san ta da gudu. Ba koya mata aka yi ba, haka Allah ya yi ta. In Inna ta aike ta sayen daddawa, kafin ruwan miya ya tafasa ta dawo. In akuya ta tsinke ta nufi gonar mutane, ba a neman maza, ita ake ƙwala wa kira. Ni kuwa kullum ina bayanta, ina haki, ina roƙon ta jira ni. Wani lokaci ta jira, wani lokaci ta yi kamar ba ta ji ba.

Baba ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Bungudu, yana kuma noman gero da dawa kamar kowa. Shi ya kai mu makarantar kwana ta 'yan mata a Gusau, ita da fari, ni na bi ta daga baya. A can malamar wasanni ta hango Yaya wata rana da aka kaɗa ƙararrawar abinci, ta baro aji a ƙarshe amma ta riga kowa isa ɗakin cin abinci. Washegari aka sa ta cikin masu yi wa gidan kwanansu gudu a gasar inta-haus, wadda ake yi tsakanin gidajen kwanan makaranta. Da na shigo makarantar, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Aka ce ƙanwar wance ce, ai ba za a rasa wani abu a ƙafarta ba.

Filinmu ƙasa ce tsura, da baƙin mai ake ja mata layi. Da dogon wando muke gudu, da riga har gwiwa, da ɗankwali a ɗaure tam, wasu da kambas, wasu ƙafa ba takalmi. Abin da ya fi tada ihu shi ne gudun miƙa sanda, wanda muke ce wa rile: 'yan mata huɗu, kowacce ta yi nata rabon gudun ta damƙa wa ta gaba sanda. Sandar tamu guntun bututun roba ne da aka shafa wa fenti. Ni ce ta uku, Yaya ce ta ƙarshe. Da yamma takan ja ni bayan ɗakin kwana mu yi ta gwaji har a kira magariba.

"Bar kallon fuskata," in ji ta. "Hannuna za ki kalla. Ni ba ni waiwaye. In kinka iso, ki sa ta nan, ki sake."

Sau ɗaya Baba ya zo kallo. Bai shiga rumfar manyan baƙi ba, ya jingine babur ɗinsa a gindin dogon yaro ya tsaya daga nesa. Ran nan a baya na karɓi sanda, a baya kuma na miƙa ta, amma Yaya ta bi 'yan matan nan ɗaya bayan ɗaya ta wuce su kamar a tsaye suke. Da aka tashi muka je gaishe shi, bakinmu fari fat da garin gulukos. Ya dube mu ya ce, "Ashe haka kuke." Ya saya mana rake, ya hau babur ya tafi. Sai da muka je hutu Inna ta gaya mana cewa ya yi sati yana ba da labarin a ƙofar masallaci.

Daga nan rayuwa ta ɗauki kowa. Yaya ta yi kwalejin horon malamai, ta auri wani malami mutumin Kucheri da suka daidaita tun suna ɗalibai, suka zauna a Tsafe, tana koyarwa a firamare. Ba wanda ya hana ta gudu. Kawai babu inda babbar mace za ta je ta yi shi, sai ya tsaya da kansa. Saurin tafiya dai bai bar ta ba. Mijinta yakan ce shi ya daina zuwa biki tare da ita, don kullum sai ya zama kamar mai bin ta bashi. Ni kuma na samu aikin ofis a Gusau, na yi aure, muka zauna a Tudun Wada. Baba ya rasu, 'ya'yanmu suka girma.

Wata safiya mijinta ya kira ni a waya. Tana cikin rubutu a allo, alli ya suɓuce daga hannunta, ta sunkuya za ta ɗauka, sai ta zube. Hawan jini ne, wanda ta daɗe tana raina shi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka kawo ta asibiti a Gusau, ta yi kwanaki a kwance, da aka sallame ta likita ya ce sai ta riƙa zuwa gashi, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye, ba fashi. Gidana ya fi kusa, don haka ta zauna wurina. Inna ta tattaro kayanta daga Furfuri ta tare a ɗakin. Mijin yana zuwa duk ƙarshen mako, ya fito da hantsi ya koma tun rana na sama, saboda rashin tsaron hanyar.

Maganarta ta dawo da wuri, ko da yake bakin ya ɗan karkace, amma ta ƙi amfani da ita. Sai "to", sai "a'a", sai "ku bar ni". Ma'aikaciyar gashin mace ce mai haƙuri, takan lanƙwasa ƙafar ta miƙe, ta ce, "Malama, taimaka mini mana, tura hannuna." Yaya sai ta kau da kai ta kalli bango. Ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya. Ni da Inna ne muke yi a kicin, mu wanke fuska mu fito.

A ɗakin jira na wurin gashin akwai talabijin a manne a bango. Yawanci labarai ake sawa, ko wa'azi. Ran nan wani ya mayar da ita tashar wasanni, ana nuna tseren mata a wata ƙasar Turai. Ina duba wayata, Yaya na gefena a keken marasa lafiya, sai na ji an ce, "Ta yi saurin tashi."

Na waiwaya. Yaya ce, idonta a kan talabijin.

"Mi kinka ce, Yaya?"

"Waccan mai jan kaya. Ta tashi tun ba a iso ba, ga shi dole ta tsaya jira. Amma dubi mai koren. Dubi hannunta."

Rile ne, irin wanda kowacce take zagaye fili sau ɗaya. Mai koren kayan ba ta da tsawo sosai, ba kuma ita ce a gaba ba. A cikin turmutsutsu ta karɓi sanda, ana ture ta tana turewa, ta fita ta manne wa wadda ke gabanta kamar an ɗaure su da igiya. Da suka shawo kwana ta ƙarshe ta buɗe ta waje ta wuce ta. Tana miƙa sandar ta faɗi a gefen fili, amma ba ta kwanta ba, ta yi rarrafe ta ɗago kai tana yi wa 'yar uwarta ihu. Ba su suka ci ba. Yaya ta ce, "Wace ƙasa ce?" Na karanta mata rubutun da ke ƙasan allon: Ireland. Iyakar abin da muka sani game da ƙasar shi ne tana kusa da Ingila.

Rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakinta tun kafin ciwon. Da muka koma gida ban ko cire hijabi ba na shiga nema a waya. Na samo tseren, na samo sunan yarinyar. Sunan ya yi mana nauyi a baki, muka gwada muka gwada, muka haƙura muka ci gaba da ce mata mai koren.

Daga ranar muka samu abin yi. In na dawo daga ofis, na yi la'asar, sai in zauna a bakin katifarta in jingina wayar da filo. Muka bi rayuwar gudun yarinyar nan tun daga tsofaffin bidiyo, masu dishi-dishi, tana 'yar siririya da gashi a ɗaure, tana gudun gajeren zango a wani ƙaramin fili, ruwan sama na zuba, 'yan kallo tsiraru cikin rigunan sanyi. A gida ba mai kama ta. Amma in ta fita waje ta haɗu da manyan duniya, sai ta zo a tsakiya ko can baya, a nuna waɗanda suka ci, ita ko fuskarta ba a nunawa. Shekara ta zagayo, sai ga ta kuma a bakin layi. Daga baya ta ƙara nisa, ta koma zagaye fili guda, gudun da Yaya ta ce shi ne mafi mugunta, don ba a yi maka rangwamen sauri kuma ba a yi maka rangwamen nisa.

A rile kuwa sai ta zama wata daban. Yaya ta sa na maimaita mata wani tseren har ta haddace shi. Ta ce, "Wagga 'yar rile ce. In ita kaɗai ta, tana tunani. In ana jiran ta, ba ta tunanin komi." Ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin wata da suka yi aji ɗaya.

Inna da fari ba ta son abin. Ta leƙo ta ga kayan da suke gudu da su, ta yi salati ta ce, "Su waɗanga ɗiya, iyayensu ba su da halin zane?" Yaya ta yi dariya da rabin bakinta, har ta sarƙe, na ba ta ruwa. Inna ta tsaya tana kallon ta, sannan ta jawo tabarma ta zauna. Ba a jima ba ita ma ta gane mai koren a cikin jama'a. In ta ga ta tsaya a layi sai ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a," ta kau da kai har sai an gama, wai gabanta faɗuwa yake yi.

Akwai wani lokaci a tarihin yarinyar da muka nemi tserenta muka rasa. Sai muka ci karo da wata hira da aka yi da ita. Turancinsu da sauri yake fita, ga wani lanƙwasa harshe, har Yaya da take malama sai da ta ce in mayar baya. Abin da muka fahimta shi ne ta ji rauni a ƙafa, ta daɗe ba ta taka fili ba, sai motsa jiki a cikin ruwa da tuƙa keken da ba ya tafiya. Aka nuna ta zaune a ƙasa, wani yana lanƙwasa mata ƙafa yana miƙewa, tana cije leɓe. Yaya ta karɓi wayar da hannun hagu ta kawo ta kusa da ido. Sai da hirar ta ƙare ta miƙo mini ita.

Ba zan ce bidiyon ne ya tayar da ita ba. Akwai magani, akwai addu'ar Inna da ba ta yankewa, akwai haƙurin ma'aikaciyar gashi, akwai mijinta da yake zama ya yanke mata farce yana ba ta labarin ɗalibanta. Abin da na sani shi ne, a zuwanmu na gaba, da matar ta ce, "Malama, tura hannuna," sai na ga jijiyar wuyan Yaya ta miƙe. Ƙafar ta motsa kaɗan. Matar ta dube ni, na dube ta.

Sauran aikin a hankali ya zo, da ci gaba da koma baya. Ta fara tsayawa tsakanin ƙarafa biyu, ta fara jan ƙafa daga katifa zuwa bakin ƙofa, wata rana har tsakar gida. Ran da ta faɗi a banɗaki ta yini ba ta yi wa kowa magana ba, washegari ita ta tashe ni ta ce za mu makara zuwa gashi. Masifarta ta dawo tare da ƙarfinta. Ta fara gyara mini yadda nake yanka kuɓewa, ta fara yi wa 'ya'yana faɗan karatu. Maigidana ya ce, "Alhamdu lillahi, Yaya ta warke, yau ta ce hulata ba ta dace da rigata ba." Bayan an gama girbi mijinta ya zo da mota ya ɗauke ta suka koma Tsafe, tana dogara sanda. Inna ta koma Furfuri. Gidan ya yi mini faɗi.

Da damina ta zagayo aka yi wata babbar gasa, mai koren da 'yan uwanta suka kai tseren ƙarshe. A unguwar su Yaya sabis ba ya ɗaukar bidiyo, sai dai kira. Ta bugo ta ce, "Kar ki kalla. Kar ki bari kowa shi hwaɗa miki. Ki zo da shi." Na sauke tseren a waya ina rufe allon da tafin hannu, na bi motar safe ranar Asabar. Hanya duk ta yi kore, gero ya kai ƙugu, dutsen Tsafe ya sha ruwa yana sheƙi.

Na same ta a rumfar tsakar gida tana tsince shinkafa, da hannun daman, a hankali. Ko ruwa ba ta bari na sha ba. Mijinta ya jawo kujera ya zauna a bayanmu, wai shi rakiya kawai ya yi.

Tseren ya yi zafi tun daga farko. 'Yan koren suna cikin na gaba, ba a bar su ba. Da aka zo kan tamu, ta karɓa da kyau, ta riƙe matsayinta, wata doguwa ta taso za ta wuce ta, ta ƙi ba da hanya har ta miƙa. Yaya tana dukan cinyata tana cewa, "Riƙe! Riƙe, ɗiyata!" Mijinta da ya zo rakiya ya miƙe tsaye. A miƙen ƙarshe suna kafaɗa da kafaɗa da masu neman na uku, har sai da aka isa layi ba mu san wa ya riga ba. Sannan aka nuna sakamako. Na huɗu suka zo. Uku ake ba lambar yabo.

Aka nuna su su huɗun a gefen fili, sun haɗa kai sun rungume juna, kafaɗunsu na girgiza. Tamu ta ɗago, fuskarta ta yi ja, tana share wa ƙaramarsu hawaye alhali nata na zuba.

Sai na ji wani sauti a gefena. Yaya ce take kuka, irin kukan da ake yi da dukan ƙirji, tiren shinkafa ya karkace a cinyarta. Mijinta ya ɗauke tiren, ya tsaya da shi a hannu bai san inda zai ajiye ba, daga baya ya shige ɗaki ya bar mu. Na riƙe ta. Ta daɗe tana yi. Da ta lafa ta ce, "Kin san mi ya fi ci mini rai sa'ad da nike kwance gidanki? In na yi barci, gudu nike yi. Kullum. Ina jin iska ga kunnena. In na farka sai in iske ko juyawa sai an juya ni. Shi ya sa ban son magana da safe."

Na ce, "Don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

"Ke da ke kuka a kicin? Kina zaton ban ji?"

Muka yi dariya, hawaye na bin fuskokinmu. Ta goge ido da bakin zane, ta ce in mayar da tseren baya, tana son ta ga miƙa ta biyu, don tana zargin a nan aka yi asara. Muka sake kallo. Ta ce a'a, ba laifin kowa, sun yi iyakar yinsu, waɗancan sun fi su ne kawai. Sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe ta shiga kicin, ta hana ni taya ta. Shinkafa da wake ta dafa, da mai da yaji, wake bai gama nuna ba, muka cinye.

Yanzu Yaya ta koma aiki. A zaune take koyarwa, ta koyi rubutu a allo da hagu, ƙafar dama tana ɗan ja har yau, likita ya ce wataƙila haka za ta zauna. Mai koren kuwa shekaru sun fara hawa. Wasu yara sun taso a ƙasarsu masu ƙafa kamar barewa, wani lokaci ita ake sawa a zagayen share fage, in an kai na ƙarshe sai a ajiye ta a sa wata. Ran da Yaya ta fara jin haka ta yi ta faɗa a waya, ta ce mai horar da su bai san aikinsa ba. Da na kai mata bidiyon, muka hango mai koren a cikin 'yan kallo da tutar ƙasarsu a kafaɗa, tana tsalle tana kiran sunan yarinyar da ta maye gurbinta. Yaya ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce yarinyar ma ba laifi, sai dai tana buɗe hannu da yawa a kwana, amma za ta gyaru.

Makon jiya na je Tsafe da maganinta na hawan jini. Na tarar ba ta gida, an ce ta tafi barkar haihuwa a bayan kasuwa, ita kaɗai, a ƙafa. Na zauna a rumfa na jira ta.